Wa Ya Raɗa wa Akuya Suna?

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: kwalin taliya da mai shago ya yar, almakashi, da maka mai kaurin baki. A yanka kwalin daidai tafin hannu, a zana akuya a fuska ɗaya, a rubuta goat a ƙarƙashinta, a juya bayan a rubuta akuya. An yi kati ke nan. Malamin firamare da ya zauna da yamma ya yanka talatin ya samu abin koyarwa na mako biyu. Da safe sai ya ɗaga ɗaya sama, yara su haɗa baki su faɗa, ya sauke, ya ɗaga wani, ya komo kan na farko ba zato, don ya gane wanda ya riƙe da wanda bakinsa kawai ke bin na 'yan'uwa. A makarantun kuɗi na Kaduna da Zariya katin ɗan kanti ne, mai sheƙi, an lulluɓe shi da leda. A ƙauye kuwa na kwali ne, wani lokacin ma akuyar ta fi kama da kare. Aikin dai ɗaya ne.

A mazaɓar Kazage, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari, wannan ɗan kwali ba abin rainawa ba ne, domin an yi shekarun da zuwa makaranta kansa ke buƙatar ƙarfin hali. Kazage tana gabashin masarautar, ɓangaren su Kuyello, Kutemeshi, Tabanni da Dogon Dawa, ƙasar masara da dawa da waken suya wadda daji ya rungume. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru sun samu gindin zama a yankin, suna wa'azi, har sun hana harkokin siyasa. A daminar shekarar mutanen Damari, babban gari a mazaɓar, suka watse saboda 'yan bindiga. Kafin nan, a watan Maris na 2021, an shiga firamaren Rama a cikin ƙaramar hukumar aka tafi da malamai 3. A Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai daga Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun mai maƙwabtaka, aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Sai a ƙarshen 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, manoma suka fara leƙa gonakin da suka bari. Yaron da aka haifa a wannan yanki a 2015 yana iya kai shekara tara bai yi zango uku a jere a aji ba.

A irin wannan wuri, uban da ya ga ɗansa ya shigo gida da kati a aljihu yana da haƙƙin ya yi tambaya, kuma tambayoyinsa ba na jahilci ba ne. Ya sha jin masu cewa boko hanyar halaka ce, ya kuma sha jin masu cewa in ba boko ba mafita. Shi dai so yake ya sani: harshen Nasara ya halatta a bakin ɗan Musulmi? Hoton nan fa? Sai wadda ta fi nauyi, wadda ba kasafai ake kula ta ba: yaron da yau ya iya cewa goat, me ya sani wanda bai sani ba jiya? Akuyar nan fa shi ke kai ta kiwo. Shi ya san ranar da ta haihu, shi ya san ganyen da ke kumbura mata ciki.

Maganar suna da ilimi tsohuwa ce, kuma Musulmi ba baƙo ba ne a cikinta. A Suratul Baƙara, daga aya ta 31 zuwa ta 33, Allah Ya ba da labarin yadda Ya sanar da Annabi Adam (AS) sunaye baki ɗaya, sannan Ya bijiro da masu sunayen ga mala'iku, suka amsa cewa iliminsu bai kai nan ba, Annabi Adam ya faɗa musu. Imam Ɗabari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa sunayen sun haɗa da na abubuwan yau da kullum: mutum, dabba, ƙasa, teku, dutse, jaki, har akushi da ɗan ƙaramin akushi. Duk wanda ya tsaya ya yi tunani a nan zai ga abin mamaki. Ranar da aka bayyana fifikon ɗan Adam a gaban mala'ikun da ba sa gajiya da tasbihi, abin da aka nuna shi ne ya san yadda ake kiran abubuwa. Ashe riƙe suna ba wasan yara ba ne. Da shi ake kiran abin da ba ya nan, da shi ake gargaɗi kafin haɗari ya iso, da shi uba ke bar wa ɗa abin da ya sani.

Daga waɗannan ayoyi ne malaman harshe da na usulu suka buɗe muhawarar da ta ɗauke su ƙarnoni: shin harshe saukakke ne daga Allah, abin da suka kira tauƙifi, ko kuwa mutane ne suka yi ittifaƙi a kansa, wato isɗilahi? Ibn Faris, wanda ya rasu a 395 bayan Hijira, ya tsaya kai da fata a kan tauƙifi a littafinsa Assahibi. Abu Hashim Aljubba'i, jigon Mu'utazilawa, ya ce yarjejeniyar mutane ce. Ibn Jinni, gwanin nahawu da ya rasu a 392, ya juya maganar ta ko'ina a cikin Alkhasa'is, ya kuma faɗi gaskiya cewa zuciyarsa na kai-komo tsakanin ra'ayoyin biyu. Imam Gazali ya ga cewa hankali ya yarda da kowanne, kuma babu hujjar da ta yanke. Daga baya Imam Suyuɗi ya tattara maganganun a cikin Almuzhir. Suyuɗin nan ba bare ba ne a ƙasar Hausa: kafin rasuwarsa a 1505 ya aika da wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, kuma Jalalaini, wanda shi ya kammala rabinsa, har gobe da shi ake tafsirin azumi a masallatai masu yawa.

Abin da ya shafi uban nan na Kazage shi ne, ko ta wace ƙofa aka shiga, ɗaki ɗaya ake faɗawa. Idan harshe kyauta ce daga Allah, to aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsunan mutane da launukansu cikin ayoyin Ubangiji, kuma ba ta ware Turanci ba. Idan kuwa yarjejeniyar mutane ce, to matsayinsa matsayin mudu ne da tiya a kasuwa: jama'a suka amince da shi don awo, mai gaskiya ya auna da shi, macuci ma ya auna da shi, laifin kuma ba ya hawa kan kwanon. Larabci yana da darajar da babu mai ja da ita, domin da shi aka saukar da Alƙur'ani, da shi ake salla. Amma a kan sunan dabbar nan mai ƙaho da gemu, akuya da goat tsayinsu ɗaya. Babu wadda ta yi kalmar shahada a cikinsu, babu kuma wadda ta ƙi yi.

Sunna ma ta yi magana a aikace. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, Zaidu kuma ya iya cikin kimanin rabin wata. Matashi ne a lokacin, kuma shi ɗin ne daga baya Sayyidina Abubakar ya ɗora wa nauyin tattara Alƙur'ani. Harshen wasu bai rage masa komai ba. Akwai wata magana da ta yaɗu a bakin masu wa'azi da malaman makaranta, wadda ke cewa koyon harshen mutane kariya ce daga makircinsu, ana jingina ta ga Annabi. Masana hadisi sun ce ba ta da asali, saboda haka bai dace a kare abu mai kyau da ita ba. Ban da haka ma, ta ƙuntata maganar. Yaron Kazage ba don tsoron makirci kaɗai yake buƙatar Turanci ba. A duba jarkar maganin kashe ciyawa da babansa ke saye kowace damina: yawan da za a zuba a tankin feshi, gargaɗin kada a fesa da iska, abin da za a yi in ya shiga ido, galibi da Turanci aka rubuta su. Haka takardar maganin ƙanwarsa, haka fom ɗin banki, haka jarrabawar WAEC da JAMB. Gidan da babu mai karanta waɗannan, kullum a hannun wani yake.

Duk da haka, tsoron iyaye yana da tushe, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba shi da shi. Turanci bai shigo ƙasar nan a matsayin baƙon da ya yi sallama ba. Ya zo ne bayan bindigar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903. A Zariya, Dokta Miller na mishan ya buɗe makaranta a farkon ƙarni na 20, daga baya aikin ya koma Wusasa, mutane kuma sun ga 'ya'yan da suka shiga da addini ɗaya suka fito da wani. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, sunan da jama'a suka laƙaba wa sabon karatun, wato boko, ya isa shaida. An daɗe ana cewa boko daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta, amma masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Bahaushiya ce tun asali, ma'anarta abin bogi, kamar yadda ake cewa amaryar boko ko biri boko. Kakanni sun kalli abin suka ce jabu ne.

Sai dai 'ya'yan malamai ne suka fara warware wannan hukunci da rayuwarsu. Sa'adu Zungur, ɗan gidan malamai a Bauchi, ya je Kwalejin Yaba a Legas, ya komo yana kare addini da talaka da harsuna uku. Malam Aminu Kano, ɗan gidan alƙalai, ya yi karatun malanta a Landan. Shehu Abubakar Gumi ya bi ta Midil ta Sakkwato, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Tun kafin su, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana zaɓar harshen da zai isa kunnen wanda take son ya ji. A gidan Shehu yawan harsuna kayan aiki ne.

Maganar hoto ta fi buƙatar lallami. Uba na iya tare malama a ƙofar makaranta ya ce, “Malama, kin ba yaro hoton kare ya shigo min da shi ɗaki. Mala'ikun rahama fa?” Malamar da aka yi wa wannan tambaya kada ta yi dariya, domin hadisin da yake nufi ingantacce ne, kuma katin nan ya haɗa kare da hoto a wuri guda. Amsar tana cikin littattafan da shi kansa yake girmamawa. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan Zazzau da Katsina, haramcin ya tsaya ne a kan sura mai jiki da inuwa, ta abu mai rai, wadda gaɓoɓinta suka cika. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ba su kai shi ga haram ba, iyakarsa karhanci, kuma sun yi rangwame a kan 'yar tsanar yara mata. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fukafukai biyu cikin kayan wasan Nana A'isha, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya bai hana ba. Akwai malaman da suka fi tsanantawa a kan zanen mai rai, ra'ayinsu kuma abin girmamawa ne. Wanda ya bi su bai rasa hanya ba: malama na iya cewa, “Baba, to a bar na karen a makaranta, ya zo gida da na fartanya da kwano da rijiya.” Darasi bai ragu da komai ba.

To, ya halatta. Saura tambayar da ta fi wuya: ilimi ne?

A nan ya kamata a ɗauko allo a ajiye kusa da kati, domin 'yan gida ɗaya ne. Alaramman tsangaya bai taɓa jin sunan wani masanin ƙwaƙwalwa ba, amma dubi yadda yake gabatar da babbaƙu ga ƙolo. Ba ya barin harafi tsirara, sai ya ba shi suna mai siffa: ba guje, lam jaye, ha kuri, ɗa mai hannu, an likkafa, jim ƙarami koma baya. Yaron da ya taɓa ganin ƙafar mahayi a cikin likkafa ba zai manta wannan harafi ba. Hoto ne aka zana da baki. Sannan ba a wanke allo sai yaro ya kawo karatun da ka, malam na saurare. Bayan an wanke ma ba a sallame shi ba: akwai tishi, akwai tilawa, ana komawa baya lokaci bayan lokaci don kada na jiya ya zube yayin da ake ɗora na yau.

Abin da masana suka gano a ɗakunan bincike bai yi nisa da wannan ba. A 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, sannan ta lafa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. A 1972 wani ɗan jarida, Sebastian Leitner, ya mai da wannan ilimi akwati mai gida-gida: katin da aka amsa daidai ya matsa gida na gaba, inda za a daɗe ba a taɓa shi ba, wanda aka kuskure ya komo gidan farko a sake haɗuwa da shi gobe. Kwalin takalmi da 'yan tsinke sun isa a yi irinsa. A 2008 kuma Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka ba ɗaliban jami'a a Amurka kalmomin Suwahili 40 da ma'anoninsu. Bayan mako guda, waɗanda aka ci gaba da tambayarsu sun tuna kusan kashi 80 cikin 100, waɗanda aka daina tambayarsu kuwa abin da suka riƙe bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba, ko da sun ci gaba da kallon kalmomin. Ƙarfin kati yana cikin ɗan shirun nan da yaro ke yi yana lalubo amsa a kansa kafin a juya. Malamin da ke ɗaga kati ya riga yara faɗa, su kuma su amsa masa kamar 'yan amshi, ya zubar da wannan ƙarfi gaba ɗaya.

Amma gwajin Ebbinghaus yana ɗauke da gargaɗi a cikinsa: abin da ya haddace ba shi da ma'ana, kuma ya haddatu. Ke nan hadda ba shaidar fahimta ba ce. Katin farko a kusan kowane kunshi na kanti shi ne apple. Yaron da bai taɓa gatsar tuffa ba zai faɗi kalmar da ƙarfi, a tafa masa, alhali abin da ke kansa jan dunƙule ne kawai mai ɗan ganye a ka, wataƙila tumatir, wataƙila ƙwallo. Masanin falsafa Ba'amurke Willard Quine ya kawo misali a 1960: baƙo na tsaye da mutumin da ba ya jin harshensa, zomo ya gifta, mutumin ya nuna ya ce gavagai. Zomo yake nufi? Ko gudu? Ko nama? Ko ga abin farauta? Nuni shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Haka hoton yarinya riƙe da tulu a kati: girl ne, ko water, ko carry? Ga kalmomi irin su gaskiya, amana, jiya, domin, waɗanda babu mai zanen da zai iya zana su.

Malaman zaure sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ba su tsaya a allo ba. Wanda ya sauke sai ya koma gaban malamin ilimi da Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, har Risala. Ɗalibi ya karanta guntun jimla da Larabci, malam ya ba shi da Hausa, kalma bayan kalma, ya ce na'am, a ci gaba. A tsofaffin littattafan hannu ana ganin ƙananan fassarori da ajami a tsakanin layuka da gefen shafi. Wannan shi ne bayan kati. Da Hausa aka shigar da Larabci cikin zukatan Hausawa shekaru ɗaruruwa, har aka samu marubuta Larabci da ake karantawa a wajen ƙasar. Abin takaici ne a ce yau akwai makarantun da ke cin tarar yaro don ya yi banakula, suna ganin kunya ce a rubuta akuya a bayan goat. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa a binciken koyon kalmomi, yana goyon bayan kati, kuma shawararsa ita ce a sa ma'anar da harshen mai koyo a bayansa. Shi ne kuma ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari da Turanci ba tare da taimako ba yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Babu malamin da zai yanka kwali dubu tara. Kati na ɗora yaro ne a kan 'yan ɗaruruwan farko, sauran sai a cikin labari da hira da karatun littafi.

Manufar gwamnati a kan wannan ta sha juyawa. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin a shekarun farko na firamare. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A 2022 minista Adamu Adamu ya sanar da tsawaita harshen uwa zuwa shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da soke hakan, aka koma Turanci. Duk yadda aka yanke a Abuja, yaron da ke zaune a ƙasa a wani aji na Kazage da Hausa yake tunani, kuma ta nan kaɗai sabon suna zai samu wurin sauka.

Akwai kati guda da ya kamata malamin wannan yanki ya riƙe da hannu biyu. A kunshin kanti, forest itatuwa ne kore shar, da kurege a reshe, da rana tana murmushi. A juya baya a rubuta daji, sai ajin ya canja. A gabashin Birnin Gwari daji wuri ne da ake tafiya da mutum, wurin da ake kai kuɗin fansa da buhun shinkafa, har ma in an ce mutanen daji kowane yaro ya san su wa ake nufi, ya kuma san a rage murya. Haka katin babur: wani yaron ƙarar da yake ji a kansa ba ta ɗan acaɓa ba ce. Kalma ɗaya, hoto ɗaya, amma abin da ke ƙarƙashin sunan a Kaduna daban, a Damari daban. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ma'ana ba a jikin kwali take ba, tana cikin abin da mai karatu ya gani da idonsa.

Malami mai hankali ba zai ɓoye wannan kati ba, ba kuma zai wuce shi da sauri ba. Zai iya tsayawa ya gaya wa yaran cewa a ƙaramar hukumarsu akwai gandun dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, a da an san shi da giwaye da gwanki da tsuntsaye iri-iri, har baƙi na zuwa daga nesa don kallo. Zai iya tambayarsu sunayen itatuwan da iyayensu mata ke ambata: kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, maɗaci, kuka. Yaron da ya fita daga wannan darasi ya samu kalmar Turanci guda, ya kuma samu labarin cewa dajin garinsu ya taɓa zama wani abu ban da maɓoyar masu bindiga. A nan ne amsar tambayar uban take. Goat ba ta ƙara wa yaro sanin akuya ba, shi ya fi katin saninta. Abin da ta ƙara masa shi ne mutanen da zai iya gaya wa abin da ya sani: likitan dabbobi da aka turo daga wata jiha, mai jarrabawa, littafin kiwo, wata rana ma ɗan jarida ko alƙali da zai so jin abin da ya faru a garinsu daga bakin wanda abin ya faru a kansa.

Saboda haka kira ga malaman firamare da na Islamiyya a Kazage da kewaye: kada a jira kunshin kanti. A yanka kwali, a fara da kalmomi talatin daga tsakar gidan yaron da gonar babansa, masara, rijiya, fartanya, rumbu, kaza, ruwan sama. A rubuta Hausar a baya, da boko, in da hali a ƙara da ajami don uban da allo kaɗai ya yi shi ma ya iya riƙe katin. A bar yaro ya yi shirunsa ya lalubo amsa kafin a juya, a kuma sa kowace kalma cikin jimla kafin a tashi. Ku kuma iyaye, in yaro ya kawo katinsa gida, ku karɓa bayan sallar isha'i ku tambaye shi guda biyar, yadda kuke sauraron allonsa.